Yadda ake gano matsalar injin walda mai tura waya idan aikinsa ya lalace

Injin walda mai tura waya, wanda aka fi sani da MIG, yana da wani hali da ke ruɗa masu aiki da shi. Matsaloli iri-iri ne ke fitowa da kama ɗaya. Wuta na yankewa, tartsatsi ya yi yawa, walda ta hau kan ƙarfe ba ta shige ba, sai mutum ya ce injin ya gaji ko ba shi da ƙarfi. Daga nan ya kama murɗa maɓallai, ya ƙara wannan ya rage wancan, har saitin da yake daidai tun farko ya ɓace masa. A ganina wannan murɗe-murɗen shi ne babban abin da ke tsawaita matsala. Mafi yawan lokaci cikin injin lafiya lau yake. Laifin yana waje, a hanyar da waya ke bi, ko hanyar da wuta ke bi, ko hanyar gas. Don haka tsarin binciken shi ne a bi waɗannan hanyoyi uku ɗaya bayan ɗaya, sannan a zo kan saiti, buɗe injin kuwa sai an rasa yadda za a yi.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe game da yadda injin ke aiki, domin shi zai haska maka duk sauran. Wannan injin yana riƙe bolteji a inda ka ajiye shi, yawan wutar da ke bi ta waya kuma, wato amfiya, saurin fitar waya ne ke tsara shi. Waya ta yi sauri, amfiya ta hau. Waya ta yi jinkiri, amfiya ta sauka. Ke nan duk wata 'yar tangarɗa a tafiyar waya, ko ta ƙiftawar ido ce, a wuta za ka gan ta. Shi ya sa mutane da yawa ke neman matsalar lantarki alhali waya ce ke cijewa.

Kafin ka fara

Cire filogi duk lokacin da za ka kwance wani abu. Idan kana gwada fitar waya, kada ka nuna bakin bindigar walda ga hannunka ko fuskarka ko wani mutum, domin wayar na huda safar hannu ta shige nama, kuma a yawancin injuna da zarar ka danna kunama wayar na ɗauke da wuta. Sa hular walda mai gilashi lamba 10 zuwa 13 ko da gwajin daƙiƙa biyar ne. Kada ka goge ƙarfen da za ka yi wa walda da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafi da hasken walda na mayar da shi iska mai guba da ke lalata huhu.

Tanadi filaya, sabbin tif (ɗan bututun jan ƙarfe da waya ke fitowa ta cikinsa a bakin bindiga) guda biyu ko uku daidai da girman wayarka, ruwan sabulu, tef ɗin awo, mitar gwada wuta, ɗan katako, da guntun ƙarfe mai tsabta mai kauri ɗaya da abin da kake aiki a kai.

Sai ka tambayi kanka: me ya canza tun lokacin da injin yake aiki da kyau? An sa sabon naɗin waya? An sauya tukunyar gas? An matsar da injin zuwa wani soket, ko an ƙara masa wayar jona wuta? Wani ya ara? Amsar wannan tambaya ita kaɗai takan kai ka wurin laifin. Kuma duk abin da za ka gyara, ka gyara ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu. In ka canza abu uku a tare aikin ya gyaru, ba ka san wanne ne ba, gobe ma zai dawo.

Mataki na farko: yi layi ɗaya ka saurara

Gurza guntun ƙarfen nan har ya yi fari, ka maƙala masa kilif ɗin wayar at, wato wayar da wuta ke komawa injin ta cikinta, kai tsaye, ka sa saitin da ke rubuce a jikin murfin injin ko a littafinsa, ka ja layin walda mai tsawon santimita 10. Kana yi kana lura da abu uku: ƙara, abin da hannunka ke ji, da kamannin layin.

Walda mai lafiya a kan ƙarfe marar kauri sosai tana da ƙara mai ɗorewa, kamar ana yaga sabon yadi a hankali, ba ta hawa ba ta sauka. Idan ka ji tana tas-tas tana yankewa, kuma wayar na tunkuɗo hannunka baya, to waya ta fi ƙarfin wutar da ke narkar da ita. Idan kuwa ƙarar ta koma huci, ƙarshen wayar na dunƙulewa yana ɗiga, daga bisani ya manne a bakin tif, to wayar ba ta isowa yadda ya kamata. Idan ƙarar na kyau na ɗan lokaci sai ta ɓaci, musamman in ka lanƙwasa kebul ɗin bindiga ko ka juya hannu, kusan babu shakka hanyar waya ce. Ƙananan hujoji a fuskar layin kuma maganar gas ce ko datti.

Mataki na biyu: bi waya daga naɗi har bakin bindiga

A nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Fara da naɗin wayar kansa. Duba ko ta yi tsatsa. Waya mai tsatsa ba ta karɓar wuta da kyau, tana kuma cika bututun da take bi da gari. In saman kawai ya taɓu, warware ka yanke har ka isa mai kyau, in ta shiga ciki ka sauya naɗin. Duba kuma ko wani zagaye ya shige ƙarƙashin ɗan uwansa. Hakan na faruwa idan aka saki bakin waya lokacin sakawa, sai ta riƙa tafiya tana ƙullewa.

A tsakiyar inda naɗin ke zama akwai noti mai sifirin da ke yi masa birki. Aikinsa kawai ya tsayar da naɗin idan ka saki kunama. In ya yi sako-sako, naɗin zai ci gaba da juyawa waya ta zubo ta cukurkuɗe. In ya matse da yawa, motar tura waya za ta riƙa wahala, kuma matsalar na ƙaruwa yayin da waya ke ƙarewa, saboda ƙaramin naɗi ya fi wuyar ja. Wanda injinsa ke aiki lafiya da sabon naɗi amma ya fara gardama idan waya ta yi ƙasa, nan zai fara dubawa. Sassauta notin har ka iya juya naɗin da yatsu biyu, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan har ya daina wucewa.

Sai rola, wato ƙafafun da ke kama waya su tura ta. Kwarin da ke jikin rola dole ya dace da girman waya da irinta. Wayar ƙarfe zalla tana son kwari mai siffar V. Waya mai gari a ciki, wato mai ɗauke da garin sinadarin da ke kare walda, tana son rola mai haƙora, domin bututu ce mai taushi da ba ta jure matsi. Alminiyam yana son kwari mai siffar U. Yawancin rola suna da kwari biyu, misali milimita 0.6 da 0.8, ko 0.8 da 1.0, ana juya su ne, kuma sau da yawa mutum kan sauya waya ya manta bai juya rola ba. Cire ta ka aza waya a kwarin ka gani da idonka, kada ka dogara da lambar da ke jiki kawai. Goge garin jan ƙarfe da ya taru a ciki. Duba kuma cewa ɗan bututun da ke shigo da waya da wanda ke karɓarta suna kan layi ɗaya da kwarin, kuma suna kusa da rolar ba tare da sun taɓa ta ba. Tazara a wurin nan ita ke ba waya damar lanƙwashewa ta cukurkuɗe.

Maganar matsin rola ita ce inda aka fi yin ɓarna. Da waya ta fara santsi, abin da hannu ke fara yi shi ne ƙara matsi. Amma waya ba ta santsi haka kawai, akwai abin da ya tare ta a gaba. Ƙarin matsi yana daddaɓe wayar ta tashi daga zagaye, yana kankare jan ƙarfen da ke jikinta ya shiga bututu ya toshe, sai santsi ya ƙaru, a sake ƙara matsi. Yadda ake saita shi: sassauta har waya ta fara santsi, ka riƙe bakin bindiga kamar santimita 5 daga katako a ɗan karkace, ka danna kunama, ka riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan har wayar ta riƙa lanƙwashewa a kan katakon ba tare da rola ta yi santsi ba. Ƙara rabin juyi ka tsaya. Yanko guntun wayar da ta fito ka murza tsakanin yatsu, in ka ji ta yi faɗi ko tana da zane mai zurfi, matsin ya yi yawa.

Yanzu ga gwajin da na fi amincewa da shi, domin yana raba gardama nan take. Cire filogi, ɗaga hannun matsin rola, miƙe kebul ɗin bindiga sosai, ka kama waya da filaya a bakin tif ka ja. Ya kamata ta biyo ka salin-alin. In ta yi tauri ko tana cijewa, cire nozul, wato murfin bakin bindiga da gas ke fitowa ta cikinsa, da tif ka sake ja. Ta saki? Tif ne. Ba ta saki ba? Yanke wayar a bayan rola ka sake ja. In har yanzu da tauri, laina ce, wato dogon bututun sifirin da ke cikin kebul. In ta saki, to birkin naɗi ne ko naɗin kansa.

Tif ɗan ƙaramin abu ne amma ta cikinsa duk wutar walda ke shiga waya. Raminsa na cinyewa ya zama dogo maimakon zagaye, sai wayar ta riƙa taɓawa tana saki, wuta na rawa. Ko tartsatsi ya manne a bakinsa ya riƙa riƙe waya. Kada ka tsaya gyaran tif da allura ko abin huji, ka sauya shi. Ka tabbata lambarsa ta dace da wayar, ka kuma ɗaure shi da filaya, ba da yatsa kaɗai ba. Tif mai sako-sako yana zafi har launinsa ya canza, kuma zafin na sa waya ta maƙale a ciki.

Laina kuwa zare ta gaba ɗaya ka duba. In akwai wurin da ta karye ko ta lanƙwashe, ba ta gyaruwa. In datti ne kawai, hura ta da iskar kwamfaresa, kuma yana da kyau a yi hakan duk lokacin da aka sauya naɗi. Wajen saka sabuwa, kebul ya kasance a miƙe, a yanke ta daidai tsawon da littafin bindigar ya faɗa, a goge bakin da aka yanke don kada ya kankare waya. Laina da aka yanke ta gaza tana barin rami kafin tif, wayar ta riƙa karo a wurin. Lainar ƙarfe ta wayar ƙarfe ce. Alminiyam sai ta roba irin su tefulon, kuma ko da ita, tura alminiyam ta dogon kebul aiki ne mai wuya, shi ya sa ake da bindiga mai ɗauke da ƙaramin naɗi a jikinta.

Idan duk wannan ya yi daidai, auna saurin wayar. Danna kunama daƙiƙa 6 ba tare da walda ba, auna abin da ya fito, ninka sau 10, ka samu saurin minti ɗaya. Maimaita sau da yawa a saiti ɗaya. In awon na bambanta sosai alhali hanya a buɗe take, motar ce ko abin da ke sarrafa ta. Sai dai ka sani wasu injuna na zamani suna fitar da waya a hankali har sai wuta ta kama, don haka awonsu zai nuna ƙasa da na gaskiya.

Mataki na uku: bi hanyar wuta

Wuta tana fita ta bindiga ta dawo ta wayar at, kuma rabin dawowar nan ne aka fi wulaƙantawa. Kilif a kan fenti, tsatsa, ko a can ƙarshen teburi mai datti, yana rage wutar da ke isa wurin aiki. Gurza wuri ka maƙala shi a jikin aikin, kusa da inda kake walda. Bayan ka yi walda na minti ɗaya ko biyu, kashe injin ka bi kebul ɗin da hannu a hankali, daga kilif har inda ya shiga injin. Duk mahaɗar da ta fi sauran zafi, nan wutarka ke ɓacewa. An fi samun haka a inda kebul ya shiga kilif, inda siraran wayoyin ciki ke tsinkewa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin roba. Yanke ka sake haɗawa. Kilif ɗin da sifirinsa ya mutu ko haƙoransa suka ƙone, sauya shi. Duba kuma inda bindiga ke shiga injin, ya zauna har ƙarshe a ɗaure tam.

Sannan duba fositif da nagatif. Wannan kuskure ne mai sauƙin aukuwa mai kuma lalata aiki gaba ɗaya. Wayar ƙarfe zalla da ake amfani da ita da gas, irin ER70S-6, tana son bindiga a kan alamar + kilif a kan −. Waya mai gari a ciki da ba ta buƙatar gas, irin E71T-GS da E71T-11, akasin haka take so, bindiga a kan −. In aka juya, za ka ga tartsatsi kamar me, layi ya tsaya a sama, babu saitin da zai gyara shi. A yawancin injuna wurin sauyawa yana cikin ɗakin da naɗin waya yake. Ba kowace waya mai gari ce ke bin wannan doka ba, masu aiki da gas kamar E71T-1 suna son +, don haka karanta takardar da ke jikin naɗin.

Daga nan koma ga wutar da ke shiga injin. Auna soket lokacin da injin ke zaune, sannan ka sa wani ya riƙe mita ya karanta yayin da kake walda. Awon lokacin walda shi ne na gaskiya. In layin bolt 230 ne ya faɗo ƙasa da kamar 205, ko na 120 ya faɗo ƙasa da kamar 108, injin ba zai ba ka ƙarfinsa ba, kuma a ƙananan injuna masu taransifoma har motar waya takan yi sanyi tare. Doguwar siririyar wayar jona wuta ita ce ta farko da za a tuhuma. Cire ta ka jona injin kai tsaye ka gwada. In dole sai da ita, ta zama gajera mai kauri, sikwaya milimita 2.5 ga gajeren zango, 4 ko fiye ga mai tsawo, kuma a warware ta duka, kada a bar ta a naɗe tana zafi. Janareta ƙarami yakan durƙusa daidai lokacin da wuta ta kama, za ka ji muryarsa ta sauya. Inji mai layi uku kuma in layi ɗaya ya faɗi, yana iya ci gaba da kunnuwa amma waldarsa ta zama mai rauni da kaushi.

In injin na aiki da kyau na wasu mintuna sai ya ɗauke, fanka na juyawa, wata fitila ta kama, ba lalacewa ya yi ba. Zafi ne ya kai iyaka ya kare kansa. A farantin da ke jikinsa akwai kason aikin da zai iya cikin kowane minti 10. Kashi 30 cikin 100 a amfiya 150 na nufin minti 3 na walda, minti 7 na hutu. Bar shi a kunne fanka ta sanyaya shi, ka duba ko ƙura ta toshe tagogin iska ko an jingina shi da bango.

Mataki na huɗu: gas

Hujoji a walda, layi mai toka-toka ko baƙi-baƙi, da tartsatsin da ya wuce kima, su ke kawo mu nan. Ɗaga hannun matsin rola don kada ka yi asarar waya, danna kunama, ka saurara. Ya kamata ka ji ƙas na bawul ɗin lantarki a cikin injin, ka kuma ji hucin gas a bakin nozul. Ana saita yawan gas ne yayin da yake fita, ba lokacin da yake tsaye ba. Ga waya milimita 0.8 zuwa 1.0 a cikin ɗaki, lita 10 zuwa 15 a minti ta isa. Mutane kan ga hujoji su buɗe gas har ƙarshe, wannan kuwa ƙara ɓata lamarin yake, domin gas mai ƙarfi yana hargitsewa ya janyo iskar waje cikin narkakken ƙarfe.

Don gano yoyo, buɗe tukunya sannan ka rufe ta, ka zuba wa allurar regileta, wato na'urar kan tukunya mai daidaita fitar gas, ido na 'yan mintuna. In tana sauka, akwai inda gas ke fita. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar regileta, duka bakunan tiyo, da bayan injin. Zare bindiga ka duba ƙananan zoben roba da ke wuyanta, in sun tsage ko ɗaya ya faɗi, gas zai zube a cikin injin, mita na nuna komai daidai amma bakin nozul babu abin kirki. Kebul ɗin da ƙarfe mai zafi ya taɓa ko aka taka shi ma yana iya hujewa daga ciki.

Cire nozul ka kankare tartsatsin da ya taru. Bayansa akwai wani ɗan sashe mai ƙananan ramuka da ke rarraba gas, su ma ka buɗe su. In tartsatsi ya haɗa tif da nozul, nozul ɗin zai ɗauki wuta, ya riƙa walƙiya duk lokacin da ya taɓa aiki.

Tabbatar da abin da ke cikin tukunyar. Ƙarfe na yau da kullum ana yi masa da haɗin argon da CO2, galibi kashi 75 da 25 ko 80 da 20, ko CO2 zalla. CO2 zalla yana shiga ƙarfe sosai amma tartsatsinsa ya fi yawa, yana kuma son a ɗan ƙara bolteji, wannan halinsa ne ba laifin inji ba. Argon zalla na alminiyam ne, in ka sa shi a ƙarfe wuta za ta riƙa yawo, layi ya fito siriri gefensa bai kwanta ba. Wani abu game da tukunyar CO2: ruwa ne a ciki, saboda haka allurarta na tsayawa wajen 50 zuwa 60 a ma'aunin bar har sai ruwan ya ƙare, sannan ta faɗi gaba ɗaya. Nauyinta ne ke faɗa maka abin da ya rage. Regiletarta kuma takan daskare in an ja gas da yawa na dogon lokaci, ka ga farin sanyi a jikinta, gas ya riƙa yankewa.

Iskar da ke kaɗawa ma abokiyar gaba ce. Abin da ya kai gudun kilomita 8 a awa ya isa ya kwashe gas daga kan walda, fankar da aka kunna don mai aiki ya sha iska tana yin haka. Kare wurin, ko ka koma waya mai gari in aikin a fili ne. In gas ya tabbata lafiya hujoji ba su daina ba, saura ƙarfen: mai, giris, fenti, danshi, tsatsa, ko rufin galbanais. Wannan na ƙarshe a gurje shi kafin walda, a kuma guji hayaƙinsa, yana sa zazzaɓi.

Mataki na biyar: yanzu ka taɓa maɓallai

Sai yanzu saiti ke da ma'ana, tunda abin da ka murɗa shi zai isa bakin bindiga. Ƙiyasin farawa shi ne kamar amfiya 40 ga kowace milimita ta kaurin ƙarfe. Da waya 0.8, kowace amfiya na buƙatar kamar santimita 5 na waya a minti, ke nan amfiya 100 mita 5 ne a minti. Da waya 0.9, kamar santimita 4. Bolteji ga irin wannan aiki yakan faɗa tsakanin 16 da 22. Saita saurin waya gwargwadon kauri, sannan ka nemi boltejin da ya dace da shi da kunnenka. Waya na tunkuɗo ka, ƙara bolteji ko rage waya. Tana ɗiga tana komawa tif, rage bolteji ko ƙara waya. Layi ya yi tudu siriri, akwai sanyi ko kana gudu. Gefen layi ya zaizaye ya bar kwari, bolteji ya yi yawa ko tafiya ta yi sauri. A injin da boltejinsa ke hawa mataki-mataki, kada a juya makunnin ana cikin walda, yana ƙona shi.

Lura da hannunka ma. Tsawon wayar da ke fita daga tif zuwa aiki ya zama kamar milimita 10 ga wayar ƙarfe zalla, 12 zuwa 20 ga mai gari. In ka ja hannu baya tsawon ya ƙaru, amfiya na sauka da kanta, gas ma ba ya rufewa, sai ka ɗauka injin ne ya yi rauni. Karkata bindiga digiri 10 zuwa 15 kawai. Waya mai gari ana jan ta ne, ba a tura ta, don kada ɓawon da garin ke bari a kan layi ya shige cikin walda.

Akwai kuma gaskiyar da wasu ba sa son ji. Ƙaramin injin da iyakarsa amfiya 130 ko 140 ba zai narkar da farantin milimita 10 a tafiya ɗaya ba. Wannan nau'in walda yana iya shimfiɗa layi mai kyan gani da bai kama ƙarfen ƙasa ba, kuma a wurin da rai ke dogara da haɗin, wannan ya fi mummunan layi haɗari. Haɗa gutsattsari biyu a siffar T, yi walda gefe ɗaya, matse a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburi, ka doke shi da guduma daga gefen da babu walda, ya kwanto kan waldar har ya karye. In layin ya ɓalle ya bar ƙarfe sumul, bai shiga ba.

Mataki na shida: cikin injin

Idan ka danna kunama abu uku ke faruwa tare: mota ta juya, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta zo kan waya. Wanda ya ɓace shi ke nuna hanya. Babu ko ɗaya alhali fanka na juyawa, duba makunnin kunama da siraran wayoyinsa, sukan tsinke kusa da mariƙi. Gas da wuta na nan mota ba ta motsi, nemi fis ko ɗan maɓallin kariya na motar, sannan gawayin da ke kai wuta cikin motar da maɓallin sauri. Waya da gas na fita babu wuta, bayan ka tabbatar da at, to kwantakta ce a tsofaffin injuna, wato makunnin ciki da ke sako wutar walda, bakunanta kan ƙone, ko allon lantarki a injunan zamani na inbata.

A injin taransifoma, sa mita a kan DC tsakanin tif da kilif, rola a ɗage, ka danna kunama a kowane mataki, kana sakin ta kafin ka juya makunni. Awon ya riƙa hawa a jere. Matakin da ya faɗi ko ya ɓace, makunnin ne ko wayar da ke bayansa. Dayod, wato ɗan sashen da ke mayar da wuta DC, in ta yanke tana ba da wuta mai rauni da kaushi a kowane saiti, wadda ta haɗe kuma tana sa injin gurnani ya riƙa tsinka fis ɗin gida.

Abin da za ka iya yi da kanka a ciki shi ne hure ƙura da busasshiyar iska da duba mahaɗar da ta ƙone, shi ma bayan ka cire filogi ka jira aƙalla minti biyar. Kafasitocin injin inbata suna riƙe sama da bolt 300 bayan an kashe shi, kuma suna iya kisa. Gyaran allo da dayod aikin mai gyaran lantarki ne. In za ka kai masa, tafi da bindigar da wayar at ɗin tare, ka rubuta masa awon soket lokacin walda, awon saurin waya, girman waya da irin gas, da kuma ko matsalar na zuwa ne tun injin na sanyi ko sai ya ɗauki zafi.